Fasaha da Raunin Laka: Abin da Bincike Ya Gano Kan Mafitsara, Hanji da Fata

A watan Mayun 2023 wani bidiyo ya zagaye duniya. Gert-Jan Oskam, ɗan ƙasar Holan da ƙafafunsa suka shanye bayan hatsarin keke a 2011, ya miƙe yana takawa. Masu bincike a birnin Lozan na Suwizalan ne suka dasa masa na'ura a kai da wata a baya, suka haɗa ƙwaƙwalwarsa da lakarsa ba tare da waya ba. Irin wannan bidiyo shi ne ke samun miliyoyin masu kallo a TikTok da Facebook.

Sai dai duk wanda ya taɓa jinyar mai raunin laka ya san abin da ke hana gida barci: fitsarin da ya ƙi fita, bayan gidan da ke zuwa ba sallama, da mikin da ke buɗewa a ƙugu. A 2004 wata mai bincike a Amurka, Kim Anderson, ta tambayi masu wannan rauni 681 abin da suka fi so ya dawo musu. Waɗanda hannayensu suka shanye sun sa aikin hannu a gaba. Waɗanda ƙafafu ne kawai sun sa lafiyar auratayya a gaba. Iko da fitsari da bayan gida kuwa ya fito cikin manyan buƙatun ɓangarorin biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 15 ke rayuwa da raunin laka. A Najeriya hatsarin mota da babur ne kan gaba wajen jawo shi, kuma matasa maza ya fi shafa. Akwai kuma faɗowa daga itace ko gini, harbin bindiga, tarin fukan da ya kama ƙashin baya, da jariran da ake haifa bayansu bai gama rufewa ba. Wannan darasi zai bi abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya: mafitsara, hanji da fata, da na'urorin da aka ƙera dominsu, da kuma aikin da wayar hannu za ta iya yi.

Laka ita ce babbar wayar sadarwar jiki

Laka doguwar jijiya ce da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefe nata. Likitoci suna sa musu suna da harafi da lamba: C na wuya, T na ƙirji, L na ƙugu, S na can ƙasa. Jijiyoyin da ke kula da mafitsara da ƙarshen hanji suna fita ne daga S2 zuwa S4, wato kusan ƙarshen layi. Shi ya sa rauni a ko'ina, wuya ne ko tsakiyar baya, yakan taɓa su.

Mai amfani da waya zai gane wannan da sauri. Idan aka yanke wayar faiba da ta haɗa gari da babbar cibiya, wayoyin mutane lafiyarsu ƙalau, cibiyar ma haka, amma saƙo ba ya wucewa. Mafitsara na cika, tana aika saƙo, ba ya isa ƙwaƙwalwa. Fata na matsuwa, tana neman a gyara zama, ba wanda ya ji. Kusan duk fasahar da za a ambata a nan ɗayan abu biyu take yi: ko ta maye gurbin saƙon da ya ɓace, ko ta yi ƙoƙarin farfaɗo da layin.

Yadda aka fara cin nasara

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka sun mutu cikin makonnin farko. Ciwon mafitsara da ƙoda da ruɓewar miki na cikin manyan abubuwan da suka kashe su.

A 1944 Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Dokokinsa masu sauƙi ne, kuma ba ya ɗaga ƙafa a kansu: a juya majinyaci kowane awa biyu, dare da rana, a kuma riƙa fitar masa da fitsari da roba a kan lokaci. Mutane suka fara rayuwa. Wasannin da ya shirya musu a 1948 su ne suka zama gasar Olamfik ta naƙasassu, wadda aka fara a Rum a 1960. Abin lura a nan shi ne agogo da tsari ne suka fara ceton rayuka, tun kafin a ƙera ko na'ura ɗaya.

1. Mafitsara

Mafitsarar babba tana ɗaukar mililita 400 zuwa 500 na ruwa, wato kusan ledar fiya wata guda. Bayan rauni takan zama ɗayan biyu. Ko ta riƙa matsewa da kanta ba umarni, wani lokaci ma ƙofarta a rufe, ko ta saki ta cika maƙil ba ta fitarwa. Duka biyun suna da haɗari ga ƙoda. Binciken da likita Edward McGuire ya buga a 1981 ya nuna cewa idan matsin cikin mafitsara ya wuce santimita 40 na ruwa, fitsari kan tokare ko ya koma sama ya lalata ƙoda, kuma mutum ba zai ji komai ba har sai ɓarnar ta yi nisa.

*Robar sa-ka-cire.* A 1972 Jack Lapides na Jami'ar Mishigan ya nuna cewa mutum zai iya sa wa kansa robar fitsari a gida, da hannu wankakke da roba mai tsabta, ya zubar ya cire. Ya gano cewa barin mafitsara ta cika fiye da kima ya fi kawo cuta. Har yau wannan ce hanyar da aka fi ba da shawara ga wanda hannunsa ke aiki: duk awa huɗu zuwa shida, kada abin da ke fita ya wuce mililita 500. A 1983 aka fito da LoFric a Suwidin, roba mai rufin da ke yin santsi da zarar ya taɓa ruwa, don rage ƙujewar hanyar fitsari.

*Allurar Botox.* Maganin da aka sani da gyaran fuska yana kwantar da tsokar mafitsara mai yawan matsewa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2011. Aikinsa na ɗaukar watanni, sannan a sake.

*Lantarki da maganaɗisu.* Tun shekarun 1970 Giles Brindley a Ingila ya ƙera na'urar da ake dasawa a kan jijiyoyin S, mutum ya danna wata 'yar na'ura daga waje mafitsara ta matse. A 2009 tawagar Susan Harkema a Jami'ar Luwibil ta dasa wa wani matashi, Rob Summers, na'urar lantarki a kan laka don ya iya tsayuwa. Sai ga wani amfani da ba shi aka nufa ba: ya ba da rahoton samun sauƙi a fitsari. Wannan ya buɗe sabon fagen bincike. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun gwada maganaɗisu daga wajen fata a kan maza biyar, suka samu ikon fitar da fitsari da kansu na 'yan makonni. Mutum biyar gwaji ne na farko, bai kai a kira shi magani ba.

*Sensa.* Wani kamfanin Japan ya ƙera DFree, ƙaramar na'ura da ake mannawa a mara. Tana aiki da irin sautin da ake sikanin mai ciki da shi, ta auna cikar mafitsara daga 1 zuwa 10, ta aika sanarwa zuwa waya. A asibitin Cleveland Clinic na Amurka kuma an gwada wata da ake sawa cikin mafitsara ta riƙa aiko da ma'aunin matsi ba tare da waya ba.

Akwai kuskure biyu da suka zama ruwan dare. Na farko, rage shan ruwa don gudun jiƙa shimfiɗa, abin da ke jawo cuta da tsakuwar ƙoda, musamman a lokacin zafi. Na biyu, sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis duk lokacin da fitsari ya yi wari. Yawancin masu amfani da roba suna da ƙwayoyi a fitsarinsu ba tare da ciwo ba, kuma ƙa'idar likitoci ita ce ba a ba da magani sai da alamu kamar zazzaɓi, rawar ɗari ko ƙaruwar miƙewar ƙafafu. Shan magani barkatai yana koya wa ƙwayoyin jure shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki.

2. Hanji

Wannan shi ne abin da kunya ke hana a faɗa, alhali shi ke hana mutum zuwa makaranta, kasuwa ko masallaci. Nan ma iri biyu ne. Idan raunin yana sama da T12, dubura takan kasance a matse, kuma hanji na amsawa idan aka motsa shi da maganin cusawa ko yatsa cikin safar hannu. Idan yana ƙasa da nan, ƙofar takan saki, sai an fitar da hannu.

Ginshiƙin kulawa shi ne tsayayyen lokaci: kowace rana ko bayan kwana ɗaya, a sa'a guda, minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci ko shan abu mai ɗumi, domin a lokacin ne hanji ke motsi da kansa. Likitoci na amfani da ma'aunin Biristol na 1997, wanda ya kasa bayan gida kashi bakwai, daga 1 mai tauri kamar tsakuwa zuwa 7 ruwa zalla. Mai hanjin da ke amsawa ana so ya tsaya a 4, mai sakakken hanji kuwa a ɗan fi haka tauri. Wake, zogale, kuɓewa da gero suna taimakawa, amma a ƙara su sannu a hankali tare da ruwa. Wani ƙaramin bincike a Ostireliya a 1996 ya nuna cewa ƙara dusa a abincin masu raunin laka ya ƙara jinkirta hanjin wasunsu.

Babban ci gaba a nan shi ne wankin hanji ta dubura da ruwa mai ɗumi. A 2006 Peter Christensen na Denmak da abokan aikinsa sun gwada na'urar Peristeen a kan mutum 87 na tsawon mako 10. Waɗanda suka yi amfani da ita sun samu raguwar taurin ciki da kuɓucewar bayan gida fiye da waɗanda suka bi tsohuwar hanya. Daga baya aka fito da Navina Smart, wadda ke sarrafa yawan ruwa da saurinsa da lantarki, tana kuma ajiye bayanan kowane wanki a manhajar waya. Wannan aiki sai da horon ma'aikacin lafiya. Kwaikwayonsa da tiyo a gida na iya huda hanji.

3. Fata

Mai lafiya yana gyara zama sau da yawa a awa ɗaya ba tare da ya sani ba. Wanda ba ya jin jikinsa ba ya samun wannan tuni. Idan ƙashi ya danne tsoka na tsawon lokaci, jini ya daina isa, naman ya fara mutuwa, sau da yawa daga ciki kafin ya bayyana a waje. Wuraren da suka fi haɗari su ne ƙasan ƙugu, ƙasusuwan zama, gefen kwatangwalo da diddige. Gyambon kwanciya mataki huɗu ne: a na 1 launi ya canza amma fata ba ta fashe ba, a na 2 ta saɓule ko ta yi bororo, a na 3 rami ya kai kitse, a na 4 ana ganin tsoka ko ƙashi. Christopher Reeve, jarumin fim ɗin Superman da ya faɗo daga doki a 1995, yana da kuɗi da ƙwararrun masu jinya, amma ya rasu a 2004 a daidai lokacin da ake yi masa maganin irin wannan miki.

An daɗe ana koya wa masu keken guragu su ɗaga jikinsu da hannu na 'yan daƙiƙoƙi. A 2003 wani bincike a Stoke Mandeville ya auna iskar da ke komawa cikin nama, ya gano ana buƙatar kusan minti biyu kafin ta dawo daidai. Shi ya sa yanzu aka fi ba da shawarar sunkuyawa gaba ko karkatawa gefe na minti biyu, duk bayan minti 15 zuwa 30.

Ga wasu na'urorin da ake aiki da su:

- Kushin mai iska. ROHO, wanda ya fito a shekarun 1970, yana da ƙananan buhunan iska masu raba nauyin jiki.
- Tabarmar auna matsi. Siririn shimfiɗi ne mai ɗaruruwan sensa da ke nuna taswirar zama a allo, shuɗi inda babu matsi, ja inda ƙashi ya danna.
- Wandon lantarki. Vivian Mushahwar ta Jami'ar Albata a Kanada ta jagoranci ƙera Smart-e-Pants, gajeren wando da ke motsa tsokar ɗuwawu na daƙiƙa 10 duk minti 10.
- SEM Scanner. Tana auna ruwan da ke taruwa ƙarƙashin fata, da irin dabarar da gilashin waya ke gane yatsa. Amurka ta amince da ita a ƙarshen 2018, kuma gwaji ya nuna tana hango matsala kwanaki kafin ido ya gani.

Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ga baƙar fata. Littattafan jinya da yawa sun ce a nemi wurin da ya yi ja, amma ja ba ya fitowa sosai a fata mai duhu, don haka akan gano mikin a makare. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, ya fi zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi kamar nunannen tumatir. A duba da ido a haske mai kyau, a taɓa da bayan hannu, safe da yamma. Idan an ga alama, a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, kada a murza shi.

Masu son na'urori su kula da wannan: waya a aljihun baya tana danna fata kamar dutse. Laftof ko fawa bank mai zafi a kan cinyar da ba ta ji na iya ƙona mutum bai sani ba. Haka ruwan wanka, kaskon wuta lokacin sanyi, da ƙarfen keken da ya sha rana.

Alamar da ba a jira da ita

Mai rauni daga T6 zuwa sama na iya samun hawan jini na farat ɗaya idan wani abu ya dami jikinsa a ƙasan raunin. Mafi yawan lokaci cikar mafitsara ce ko toshewar roba, sai cushewar hanji, sai miki ko matsattsen tufafi. Alamun su ne ciwon kai mai sara, gumi a fuska da wuya, toshewar hanci da gani dishi-dishi. Hawan maki 20 zuwa 40 sama da yadda jininsa ya saba ya isa alama, ko da lambar ta yi kama da ta mai lafiya. A zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba roba ko ta lanƙwashe, a fitar da fitsari. Idan bai sauka ba a garzaya asibiti, domin yana iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Na'urar awon jini ta gida tana da amfani ƙwarai a nan, muddin an san lambar da mutum ya saba da ita.

Abin da waya za ta iya, da iyakarta

Jami'ar Fitsbag ta ƙirƙiro manhajar iMHere, mai tuna wa mutum lokacin roba, magani da duba fata, tana kuma tura hoton miki ga ma'aikacin lafiya. A gwajin da aka buga a 2019, masu amfani da ita sun samu raguwar ciwon mafitsara.

A Bangaladash kuwa an bi mutum 410 da aka sallama daga asibiti na tsawon shekara biyu. Rabinsu ana kiransu a waya a kai a kai ana kuma ziyartarsu a gida. Da aka ƙirga, adadin waɗanda suka rasu kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Shawara ta waya ba ta maye gurbin katifa mai kyau, abinci mai gina jiki, roba mai tsabta da asibitin da za a iya kaiwa gare shi.

Duk da haka, ko ƙaramar Android na iya ɗaukar aikin agogon Guttmann:

1. A saita ƙararrawa mai maimaituwa: juyi duk awa biyu a gado, roba duk awa huɗu zuwa shida, sauke nauyi duk rabin awa a keke.
2. A buɗe shafi a manhajar rubutu: ruwan da aka sha, fitsarin da ya fita, ranar bayan gida da lambarsa a ma'aunin Biristol. Likita zai fi gane wannan fiye da "jikin dai da sauƙi".
3. Kyamarar gaba ko sandar selfi na nuna wa mutum bayansa. A kashe filta da gyaran fuska, a ɗauka a haske iri ɗaya, a ajiye rula kusa da mikin.
4. Hoton tsiraicin majinyaci amana ne. A nemi izininsa, a sa a babban fayil mai kulle, a tura wa likita kaɗai. Ba na guruf ɗin dangi ba ne, ba kuma na neman taimako a Facebook ba.
5. A rubuta matakin rauni da alamun hawan jinin nan a bayanan gaggawa na allon kulle.

Kafin a tura kuɗi

Iyalan masu raunin laka na cikin waɗanda 'yan damfara suka fi hari, da tallan allurar ƙwayoyin halitta a ƙasar waje, ko garin maganin da wai zai tayar da mutum cikin mako biyu. Tambayoyi huɗu na tace yawancinsu: A kan mutum aka gwada ko a kan ɓera? Mutum nawa? An kwatanta da waɗanda ba a ba su ba? Wace hukuma ce ta amince? Gwaji na gaskiya yana da rajista a shafin ClinicalTrials.gov, kodayake rajista kaɗai ba shaidar inganci ba ce. Wanda ya ce a daina sa roba ko juya majinyaci saboda maganinsa, a guje shi.

Mai neman shawara ya fara da likitan ƙashi, likitan mafitsara ko ma'aikacin gashi a asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Ranar 5 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar masu raunin laka ta duniya, kuma dama ce ta yaɗa irin wannan bayani. Na'urorin da aka lissafa a sama suna da tsada, yawancinsu ba su iso kasuwannin nan ba tukuna. Ƙararrawar awa biyu kuwa tana cikin kowace waya, kuma ana iya saita ta yau da dare.